Injinan Auta

Tun daga bakin ƙofa Yaya ta ji gurnanin. Ƙaninta Auta, wanda yanzu ba ya amsa kira sai an ce masa Injiniya, ya kwashe buhunan da ke sito ya jera tsofaffin kwamfutoci a kan kanta, wata bisa wata, wayoyi sun cukurkuɗe kamar sumar da ta shekara ba ta ga mataji ba. Saba yake kiransu, wato injinan da ke riƙe shafin intanet. Ɗakin ya yi zafi kamar gidan burodi, fanka na ta aikin banza.

Duk wannan hidimar a kan abu ɗaya ce. Matarsa tela ce, ta roƙe shi ya yi mata shafin da kwastoma zai buɗe a waya ya ga ko an gama ɗinkinsa. An kwashe watanni shafin bai taɓa yini a tsaye ba. Ita ce ta kira Yaya a ɓoye, domin rubuta manhaja sana'ar Yaya ce tun Auta na sakandare.

"Bari in nuna miki tsarin," in ji Auta, yana hura hanci. "Wannan ke karɓar sunan kwastoma, ta miƙa wa waccan, waccan ta jera shi a layi. Ta sama kuma tana lura da su duka."

"Ta ƙasan fa?"

"Ita ke lura da mai lurar."

Yaya ta dube shi sama da ƙasa, ta taɓe baki. Ta sha haɗuwa da irinsa a ofis, masu kallon yadda manyan kamfanoni ke aiki su dawo suna kwaikwayo alhali kansu babu komai. Ba ta dai zaci akwai ɗaya a cikin zuriyarsu ba.

"To yau me ya kashe shafin?"

Ya sosa ƙeya. "Mai lurar ce ta cika da rahoto, ta ja sauran."

"Sannu da ƙoƙari."

"Yaya, ba ki gane ba. Idan kwastomomi suka kai miliyan fa?"

Matarsa da ke tsaye a ƙofa ta ce, "Miliyan? Ni da keken ɗinki biyu?"

Yaya ta nufi kantar. Ta zaro mafi ƙanƙantar kwamfutocin, ta kaɗe ƙurarta, ta zauna a falo da ita. Shafi ɗaya ta rubuta: sunan kwastoma, irin ɗinkin, sai maɓallin da tela za ta danna ya nuna an gama. Kafin rana ta yi sanyi matar ta gwada a wayarta, ya buɗe nan take, har ta yi 'yar ƙara don murna.

Auta ya leƙo ta kafaɗar Yaya, ya ja tsaki. "Wannan ai ko ɗan koyo zai rubuta."

"Shi ya sa nake mamakinka."

Bai ji kunya ba. Nan da nan ya fara lissafin yadda zai haɗa kwamfutar da sauran injinan, ya ƙara mata abin lura, ya raba aikin gida uku. Yana cikin magana matarsa ta zare wayar wuta daga bango, ta naɗe kwamfutar a ragowar yadi, ta rungume ta.

"A shago za ta zauna, Injiniya. Kusa da dutsen guga."

Bayan sati Yaya ta ga hoton kantarsa a intanet, fitilu na ƙyalƙyali, ya rubuta dogon darasi kan yadda ake gina tsarin da ba ya faɗuwa. Mutane sai yabo suke zubawa. Tana cikin karantawa ya kira, wai ta ba shi kalmar sirrin shafin, akwai ɗan gyara da yake son yi.

"Tambayi mai shagon," ta ce, ta kashe wayar ta koma kan aikinta.