Rubutun Gefen Littafin Baba

Tun kafin a haifi Saratu, mahaifinta Malam Isyaku tela yake rubuta awon mata a wani littafi mai jan bango, a shagonsa na Gyadi-Gyadi. Da ya rasu, ita ta gaji keken, ta gaji littafin. Sai dai gara ta fara cinsa daga baya.

Ta kai shi Tarauni wurin Clementina, ƙawarta ta ƙuruciya, wadda yanzu haɗa manhaja ce sana'arta. Clementina ta haɗa mata manhaja a waya, ta yi wa kowace mace gurbi biyar: suna, tsawo, kafaɗa, hannu, ƙugu. Ta ce tsarin kamar maigadi yake, abin da ba ya cikin jerin nan ba zai shiga fayil ɗin XML, ma'ajiyar awon, ba. Ta kwashe lambobin tsaf. Ajamin da ke gefen shafuka kuwa ba ta iya karantawa ba, ta ɗauka addu'o'i ne.

Da awon cikin waya Saratu ta ɗinka wa Inna Khadija riga. Tsohuwar ta saka, wuyan ya karkace.

"Shekara talatin ubanki bai taɓa karkata ni ba," in ji ta.

Saratu ta buɗe littafin. A gefe Baba ya rubuta: kafaɗar hagu ta sauka, goyon tagwaye ne.

Ta koma Tarauni, ta karanta wa Clementina.

"Haba Saratu! Kina kallona ina tsallakewa kika yi shiru?"

"Na ga ke kika yi boko."

"Bokon banza! To kowace mace da irin nata, gurbi nawa zan yi?"

Sai Clementina ta buɗe gurbi ɗaya a ƙarshe, ba ta sa masa doka ba.

"Nan komai zai shiga, har hoto. Amma manhaja ba za ta gane shi ba, riƙe miki kawai za ta yi."

"Ta riƙe. Ni zan gane."

Suka bi shafi-shafi suna ɗaukar hoto. Wata ba ta son a faɗi awonta da ƙarfi. Wata a ƙara mata inci biyu, kar a gaya mata. Dab da inda gara ta tsaya, Saratu ta ga sunanta: shekara biyar, cakulkuli gare ta, sai an ba ta alewa take tsayawa.

Clementina ta karɓi wayar daga hannun Saratu, ta ɗauki hoton.