Sifikokin Motar Misbahu

Duk Kaura Namoda babu wanda bai san jar motar Misbahu ba. Gajeriya ce kamar za ta lashi ƙasa, kujerunta biyu kacal, rufinta kuwa na tamfol ne da ake naɗewa a baya. 'Yan tasha suka sa mata suna Ba-hula. Shi dai direba ne, yana jigilar gero da dawa tsakanin Kaura da Shinkafi a motar ubangidansa, ga shi ya je Gusau ya kwaso abin da ko buhu ɗaya ba ya ɗauka. Aka yi ta yi masa tsiya, shi ko a jikinsa.

Uwarsa Rekiya ce kaɗai ba ta tofa ba, don ba ta magana a kansa. Ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta sunan ba, kuma ba ta taɓa nuna a gaban mutane cewa ta damu da shi ba. In tana son ganinsa sai ta ce da wani, "Ku ce da wancan ya taho." Da yana ƙarami, in zazzaɓi ya kwantar da shi, Gwaggo Mariya yayar mijinta ke jinya, ita kuwa sai leƙe ta tsakanin zana. A unguwa da ita ake buga misalin kunya. Abin da ba a sani ba shi ne, cikin 'ya'yanta babu wanda ke zaune mata a rai kamarsa.

Ana tsakiyar damina 'yan bindiga suka tare hanyar Zurmi, suka kwashe mutane har da Misbahu. Gida ya cika da masu jaje. Rekiya ta yi ta shimfiɗa tabarma tana kawo ruwa, kai ka ce ɗan maƙwabta aka ɗauka.

Sai da dawa ta fara fitar da kai aka sami labari. Wata mata mai suna Kulu ta ɓullo ta Ɗan Isa, ƙafafunta duk ƙaya. Ta ce an yi ruwa mai ƙarfi, masu gadi suka shige bukka, su kuma suka sulale suka watsu. Ta rabu da Misbahu a gonakin da ke bayan Kurya Madaro, yana ɗingishi, yana riƙe da wani tsoho. Ba su san gabas ba, ba su san yamma ba. A da, wanda ya ɓata a daji kiran salla yake bi ko ƙarar daka. Yanzu ƙauyukan gefen nan duk an tashi, wa zai kira salla, wa zai yi daka?

Washegari Dogo mai haɗa rediyon mota ya yi sallama a ƙofar gida. A shagonsa Misbahu ya bar Ba-hula, an kwance ƙofofinta ana jiran sifikoki. Ya durƙusa ya gaishe da Rekiya, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Inna, motar ga buɗe take, ba ta da ruhi bisa, duk abin da anka hwaɗa cikinta waje shika hita. In haɗa mata makirfo, a kai ki bakin gonakin. In ya ji muryarki za shi hito."

Rekiya ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Ba a samun wani?"

"Wanda anka yi wa abin da anka yi mishi, Inna, ba kowace murya za shi yarda da ita ba."

Ta yafa mayafi ta bi shi.

Shagon Dogo cike yake da wayoyi da gawarwakin rediyo. Ya jera mata kaya iri uku a kan benci. Ga lasifika mai bakin ƙaho irin ta masallaci. Ga wasu manya baƙaƙe masu faɗin faranti. Ga kuma wani kwali da komai nasa a rarrabe yake: biyu matsakaita na cikin ƙofa, biyu ƙanana kamar murfin kwalba, da 'yar akwati mai raba musu sauti, kauri ya tafi ƙofa, siriri ya hau sama.

Dogo ya dafa manyan ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Waɗanga Misbahu shika so. Ya ce shina son in ya taso daga tasha a ji dumdum har garin Banga. Ni ko ina ce mishi motar da ba ruhi iska ka kwashe kaurin, sai ƙugi. Mun daɗe muna gardama."

Rekiya ta kawar da kai tana kallon titi, amma kunnenta na wurinsa. Ba ta taɓa sanin ɗanta na da gardama ba. Ta so Dogo ya ci gaba, ta kasa cewa ya ci gaba.

Ya ce ita za ta zaɓa, tunda kunnen uwa ake nema. Ya sa ta tsallaka titi ta tsaya can gindin darbejiya, ta juya baya. Aka yi magana ta mai bakin ƙaho. Murya ta kai har bayan kasuwa, amma ba ka ce ta mace ce ko ta namiji ba, kowa a cikinta kamar ladan mai mura. Aka sauya zuwa manyan, sai gurnani, maganar ta nutse a ciki. Da aka haɗa rarrababbun, aka ɗaga ƙananan sama, sai ga murya tar, har da ɗan kakin da mai ita ke yi kafin ta fara.

Rekiya ta juyo ta ce, "Wagga ai Naja'atu mai ƙosai ta."

Ita ce kuwa, tana tsaye da makirfo tana dariya. Dogo ya ce shi ke nan, an gama zaɓe. Ya kafa matsakaitan a ƙofofi, ya ɗaure ƙananan a saman gilashin gaba, ya juya fuskarsu waje. Ba su kai ƙaho nisa ba, ya ce, amma wanda ya ji zai san wa ke magana.

Saura mai tuƙi. Kujera biyu ce, kuma Dogo bai san daji ba. Aka samo Muhtari, wani ɗan sa-kai mutumin Banga, wanda bai taɓa haɗuwa da Misbahu ba amma ya san gonakin kamar tafin hannunsa. Wasu abokansa suka biyo su a kan babura da bindigoginsu na gargajiya.

Tun a hanya Rekiya ke shirya abin da za ta ce. Ba sai ta kama suna ba. "Kai, hito, ni ce." Iyakarta ke nan, ai ba wuya. Ta maimaita a zuci har ta haddace, iska na fizgar mayafinta, motar na karta cikinta a kowane rami.

Da hantsi suka tsaya inda hanya ta ƙare. Dawa ta fi mutum tsayi, gona bayan gona, babu kowa sai tsuntsaye. Muhtari ya kunna, ya miƙo mata makirfo.

"Bisimilla, Inna."

Ta karɓa. Masu babura suka kashe injinansu suka kewaye motar, duk suka zuba mata ido. Cikinsu har da wani mai furfura da ta gane, ya taɓa zama a zauren marigayi mijinta. Ta ga kanta a motar da ba rufi, mace mai jikoki, za ta buɗe baki ta kira ɗan fari duniya na ji. Gobe a ce Rekiya ta tsaya a bainar maza tana kururuwar ɗanta. Ta kai makirfo bakinta. Numfashinta ya fita ta ƙananan sifikokin, ta ji shi da kunnenta, sai kunya ta shaƙe ta. Wallahi ta yi ƙoƙari. Harshen ne ya ƙi, harshen da ta yi shekara da shekaru tana horarwa.

Ta mayar wa Muhtari. "Kira shi kai, ɗana. Muryarka ta hi kauri."

"Dogo ya ce ke za ki yi."

"Kira shi dai."

Bai yi musu da babba ba. Ya miƙe tsaye a cikin motar ya yi ta kwaɗa kira, "Misbahu! Misbahu, hito!" Sifikokin suka yi aikinsu, ba su rage komai ba. Suka gangara gaba, babura na biye, ya sake kira. Haka har rana ta take tsaka, masu rakiya suka ce zama ya fara haɗari. Suka juyo.

A hanyar dawowa ta lallashi kanta cewa ba ya kusa ne. Da yana nan ai da ya ji sunansa.

Ba a daɗe ba aka ce tsohon nan ya fito. Sunansa Hamisu, manomi ne daga wajen Zurmi. Bayan ya ɗan farfaɗo ya ce sai an kai shi gidan su yaron da ya goya shi a daji. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, mata suka taru, Rekiya ta zauna daga gefe kusa da murhu.

Ya ce, "Muna kwance cikin dawa, yunwa ta gama da mu, sai munka ji babura. Sannan munka ji ana kiran sunanai, tar, kamar a kunnenmu. Ya tashi zaune ya kasa kunne. Ya daɗe shina saurare, baiwar Allah, har ina ganin bakinai na rawa. Sai yac ce min, 'Baba, wagga ba muryar gidanmu ba ta. Su na, sun biyo sawu.'"

Wata ta ce, "Innalillahi."

"Yac ce in lahe, kar in motsa, shi za shi ja su nesa da ni. Ya kutsa cikin dawa da ƙahwar nan tasa, ya nuhi dajin da munka baro. Ina jin karan dawa na karyewa har na daina ji. Ni da na bi inda ƙarar ta hito, ban yi nisa ba sai ga sawun mota." Ya share ido da bakin riga. "Ashe hanya na nan kusa. Wa ya yi kiran nan, don Allah?"

Rekiya na riƙe da muciya, tana kallon toka. Baƙin cikin da ya taso mata ya fi ƙarfin kuka, fuskarta kuwa ba ta nuna komai ba, don ta saba.

Gwaggo Mariya ta gama sharɓar nata kukan, ta fyace hanci, ta dubi matan da ke zaune ta nuna Rekiya da haɓa.

"Ku dube ta, ku yaran zamani. Ana ba da labarin ɗanta na hwari, ko gezau. Wagga ita ta ɗiyar mutunci. Allah shi yi miki albarka, Rekiya."

Matan suka haɗa baki suka ce amin, sannan suka juyo suna jiran ta amsa.