Bayan Faifan Ajagbe

Waƙoƙi biyu suka rage, kuma ranar Lahadi za a jefa ƙuri'a.

Makarantar firamaren unguwar Oke-Aremu, a cikin Abeokuta, za ta cika shekara hamsin. Shi ne hedimasta ya aiko wa 'Yan Faifai takarda, ya ce su zaɓi tsohuwar waƙa guda wadda 'yan aji biyu za su taka ranar biki. 'Yan Faifai su goma sha tara ne. Duk Lahadi bayan la'asar sukan haɗu a shagon Baba Raufu mai gyaran rediyo, su saurari waƙoƙin dā, su yi ta gardama har maƙogwaro ya bushe. Duk cikinsu Morenike ce kaɗai ba ta da furfura. Kujerar mahaifinta ta gada bayan rasuwarsa, tare da akwatin faya-fayansa.

Waƙa ta farko ta Kola Alangba ce, "Gurgu Ya Riga Ku Kasuwa". Jita da kalangu ne, zafi kamar barkono, ko liman ya ji sai ya motsa ɗan yatsan ƙafa a cikin takalmi. Tana da rawarta ta musamman: a karkace kafaɗa, a ja ƙafar hagu, a ɗingisa gaba sau uku, a juyo ana dariya. Ta biyu kuwa ta Tijani Ajagbe mai goge ce, "Ruwan Ogun Ba Ya Gaggawa". Sannu take tafiya, murya a dushe, karin magana bisa karin magana. Masu sonta sukan rufe ido su kaɗa kai. Waɗanda ba sa sonta su ma sukan rufe ido, amma su barci ne.

Maganar gaskiya, ta Alangba Morenike take so. Da ita babanta yake ɗora ta a wuya ya zaga tsakar gida, kuma har yau in tana matse zane a bakin tukunyar shuni, ita take rerawa ba tare da ta sani ba. Amma 'yarta Tiwa tana aji biyu, kuma da ƙafar hagu gajera aka haife ta. Tun da takardar nan ta zo, abu ɗaya Morenike take gani: yara arba'in a fili suna ɗingishin wasa, unguwa gaba ɗaya tana tafi, ga Tiwa a tsakiyarsu tana ɗingishin gaske. Bayan biki kuma waƙar ba za ta koma akwati ba. Za ta bi yarinyar zuwa famfo, ta bi ta aike, ta bi ta har ta girma.

Ranar Asabar Iya Subuola mai kifi, wadda ita ma 'yar ƙungiyar ce, ta biyo ta marina ta same ta da hannuwa shuɗi har gwiwa.

"Na ƙirga miki su," in ji ta, tana zama kan turmi a kife. "Goma sha biyu suna bayan Baba Direba da waƙar Alangba. Tsohon nan tun Litinin yake raba goro kamar mai neman kansila."

"Na ji labari."

"To ki durƙusa gobe ki faɗa musu dalili. Wa zai musa miki? Duk a gabansu aka haifi yarinyar nan."

Morenike ta shanya zanen da ke hannunta, ta gyara gefensa. "Iya, in na faɗa za su ba ni, na sani. Amma daga ranar sai a ce an hana yara rawa mai daɗi saboda gurguwar Morenike. Iyaye su faɗa a gida, yara su kai makaranta. Wanne ya fi wanne?"

"To ki ce ba ta da lafiya ranar, ta zauna a gida."

"An riga an auna ta anko. Kullum sai ta tambaye ni ko tela ya gama."

Iya Subuola ta taɓe baki. "Taurin kan ubanki ne, ba ki bar ko kaɗan ba. To da me za ki kayar da kalangu? Da gogen da ke sa akuya hamma?"

Morenike tana da abin da take tunani. Kaset ɗin Ajagbe da ƙungiya take saurare daga rediyo aka ɗauke shi shekaru da yawa, gidan rediyo kuwa gaban faifai kawai suke sawa. Ita ta tuna babanta yakan juya faifan, sau ɗaya a shekara, da safen Babbar Sallah. Ba ta riƙe duk abin da ke ciki ba, tana ƙarama lokacin. Ta dai san akwai sunaye. Da ta wanke hannu sai ta buɗe akwatin, ta same shi can ƙasa, naɗe cikin tsohon ɗankwalin mahaifiyarta.

Ranar Lahadi shagon ya cika har bakin kwata. An ajiye robobi biyu a bayan labule, ja ta Alangba, fara ta Ajagbe, kuma Baba Raufu ya raba wa kowa marfin kwalba ɗaya.

Baba Gbadamosi, wanda ake kira Direba don ya shekara talatin yana jan motar Legas, shi ya fara magana. Bai ma tsaya magana sosai ba. Ya sa aka kunna waƙar Alangba, ya tattare babbar riga, ya karkace kafaɗa ya ja ƙafa, shago ya ɗauki shewa.

"Wannan ita ce waƙa," in ji shi yana haki. "Yara za a sa rawa, ba zaman makoki ba. Ajagbe kafin ya gama baiti ɗaya, na kai garin Sango na dawo."

"Shi ya sa ka kashe mota uku," in ji wani tsohon malamin makaranta daga lungu.

"Mota uku na kashe, Tisha, amma ban taɓa kashe biki ba."

Aka yi dariya. Morenike ma ta yi, don ƙafarta da kanta tana bin kiɗan a ƙarƙashin benci. Sai Baba Raufu ya ce wa zai yi magana a madadin goge. Tisha ya fara gyara murya, amma ta riga shi. Ta fito ta durƙusa gwiwa biyu ta gaida iyaye, sannan ta miƙe.

"Iyayena, ni ban isa in koya muku waƙa ba. A cinyoyinku na koye ta. Tambaya ce da ni. Wa ya taɓa jin ƙarshen waƙar Ajagbe?"

"Tana da ƙarshe?" in ji Direba. "Ni dai ban taɓa kaiwa ido biyu ba."

"Abin da muke ji rabi ne, Baba. Ga sauran."

Ta warware ɗankwalin. Baba Raufu ya karɓi faifan da tafin hannu biyu kamar an miƙa masa jariri, ya hure ƙura, ya karkata shi wajen haske, ya juya bayansa ya ɗora allura.

Da farko ƙara ce kawai kamar ana suyar ƙosai. Sai goge ya shigo, sai muryar. Ajagbe ya ce ruwan ya iso Oke-Aremu, bari ya tsaya ya gaida masu gida. Ya kira gidan Odebiyi, maharban da giwa ke ba hanya. Wani tsoho da ke gyangyaɗi ya buɗe ido ya zauna sosai. Ya kira gidan Lawore, masu tabarmar da sarki ya zauna bai so tashi ba. Iya Subuola ta dafe ƙirji, don gidan kakanta ne. Ya kira Adeosun maƙeri, ya faɗi sunan uwarsa da garin da aka ɗauko ta, sai Tisha ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ya kira gidan Sodipo, gidan su Morenike, masu shuɗin da rana ba ta ci, Morenike ta ji wuyanta ya miƙe da kansa. Gida goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, tsakanin kowane biyu goge yana tafiya shi kaɗai. Babu wanda ya yi tari.

Da allura ta kai ƙarshe Morenike ta ce, "Shawarata ke nan. Yara su jeru, su taka a hankali. In an kira gida, 'ya'yan gidan su fito gaba, su rusuna, su koma. Babu gudu, babu tsalle, babu wanda zai faɗi ya ɓata anko. Kuma kowane yaro zai koma gida ya san sunan kakan kakansa."

"A maimaita wajen Lawore," in ji Iya Subuola.

"A jefa ƙuri'a tukuna," in ji Baba Raufu.

Aka shiga bayan labule ɗaya-ɗaya. Da aka juye robobin a kan tebur, fara tana da goma sha huɗu, ja tana da biyar. Morenike ta sauke numfashin da ta riƙe tun ranar da takarda ta zo. Mutane suka yi ta miƙo mata hannu, wasu suna cewa Sodipo bai mutu ba.

Direba ne kaɗai bai tashi ba. Ya gyara hularsa, ya jira hayaniya ta lafa.

"Mama Tiwa," in ji shi, ba da wasa ba wannan karon. "Shekara sittin da biyu ina unguwar nan. Ubana daga Iseyin ya zo, bayan an buga faifan nan. Jikokina biyu suna aji biyu, Remi da ƙanwarsa. In an kira gida goma sha ɗaya, su su tsaya ina? A jikin katanga?"

Morenike ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi a baya. Ta ga filin nan dai da ta kwana bakwai tana gani, da jama'ar, da tafin, sai dai yanzu yaran da ke tsaye ana kallo ba nata ba ne. Ba ma su biyu kaɗai ba. Akwai 'yar mai kemis ɗan Inyamuri, akwai tagwayen mai suya. Ta san su duka, suna zuwa gidanta shan ruwa. Ta kare tata, ta manta da na wasu.

Ta je gaban Direba ta durƙusa.

"Na yi kuskure, Baba. Ban tuna ba, kuma ya kamata in tuna."

"Ƙuri'a ta riga ta faɗi."

"Ta faɗi. Amma ka ji yadda goge yake tafiya shi kaɗai tsakanin gida da gida. Wurin yana da faɗi. Zan je wajen hedimasta gobe in karɓi sunayen ajin duka, in bi gida-gida. Duk gidan da Ajagbe bai kira ba, ni zan kira shi da bakina a lasifika."

"A ƙara wa Ajagbe magana?" in ji Tisha. "Faifai ne fa, ba miya ba."

"Ni na ga Ajagbe da idona a bikin yayata," in ji Baba Raufu. "Duk wanda ya shigo sai ya sa shi a waƙa. Har mai sayar da ƙanƙara ya samu. Da yana raye da ya riga ta."

Direba ya dube ta daga sama har ƙasa. "Ke marina ce, ba maroƙiya ba. Kirarin gidanmu ba a yin sa da muryar tallan zane."

"Sai ka koya mini."

"In kika karya shi a gaban jama'a, har ubanki da ke kabari sai na kai wa ƙara."

"Na yarda."

Ya sunkuyo, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji. "Tun makon jiya na san abin da ke damunki. Na ce bari in ga ko za ta zo ta roƙa. Da kin roƙa da na janye, amma da na ji haushi." Ya miƙe zaune. "Tashi, gwiwa ba ta koyon kirari. Raufu, ba ta takarda."

"Ba na buƙata, Baba. Faɗi kawai."

Ya gyara zaman rigarsa a kafaɗa, ya ɗaga haɓa. Ya fara da kakansa masaƙi, wanda zarensa ya yi tsawon da sai an hau doki ake kai ƙarshensa, ya gangaro kan matar da ta ciyar da ayari da tukunya ɗaya. Morenike ta maimaita. Ya ce ta yi sauri. Ta sake. Ya ce yanzu kuma ta ja shi kamar mai ciwon haƙori, aka yi dariya. A karo na uku ta buɗe ƙirji ta sake shi yadda ya fito, har mai gasa masara a tsallaken titi ta waiwayo.

Direba bai ce ta yi daidai ba. Ya dai juya ya dubi sauran tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, ya ga ko sun ji.

"Wannan baiti na farko ne," in ji shi. "Akwai takwas."

"Goge ba zai ɗauki takwas ba, Baba. Biyu."

"Huɗu."

"Biyu. Akwai 'ya'yan mutane a bayanka."

Ya yi tsaki, ya ce 'yar Sodipo ba ta da kunya, sannan ya fara na biyun.