Wayar Da Ta Bi Ta Sashen Murjanatu

Tun ranar da aka kai Sama'ila makwancinsa intanet ɗin unguwar ya ɗauke. Talabijin kuwa ko gezau. Gida arba'in da 'yan kai da ke kan wayar suna kallon labarai da wa'azi da ƙwallo tar, kamar ba abin da ya faru. Har aka yi sadakar bakwai babu wanda ya yi ƙorafi, don ba a zuwa gaisuwar mutuwa da maganar sabis. Sai dai a bayan ido ana cewa abin ya bi mai shi.

Malam Ya'u, mahaifin mamacin, shi ya fara jan wayar. Da can gidan kallo gare shi a bayan kasuwar Daura. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ya ga idon mutane ya yi masa yawa, ya rufe da kansa, ya ɗora kwanonin satalayit a kan rufin shagon da ke jikin gidansa, ya riƙa jan baƙar waya gida-gida, kowa ya yi kallo a ɗakinsa. Iyakar saninsa ke nan: tsani, filaya, ƙusa. Sama'ila ne da ya dawo daga karatu ya kafa dogon ƙarfe ya kamo intanet, ya sayo wata na'ura mai fitilu ta cusa shi cikin wannan wayar ta talabijin, ya raba wa mutane 'yan akwatuna. Yadda hoto da intanet ke tafiya a waya guda ba su yi karo ba, Ya'u bai taɓa tambaya ba. Sama'ila ɗansa na fari ne. Ko sunansa bai taɓa kamawa ba, sai dai ya ce "mai shago". Shekara shida suna aiki a ɗaki ɗaya, magana in ta yi tsawo ita ce "miƙo filaya". Sai ga wata mota da ta taso daga Kongolam ta haɗu da babur ɗinsa a kwana. Ya bar matarsa Murjanatu da yara biyu, Zaituna da Yazid, babbar ba ta kai shiga makaranta ba.

Mako biyu da rasuwar, Alhaji Jafaru, yayan Ya'u, ya same shi a zaure bayan azahar.

"Ya'u, ba na son in fama maka ciwo, amma kayan shagon nan na marayu ne. Na yi magana da wani a Katsina, zai zo ranar Asabar ya kwashe. Ƙarfe in ya zauna tsatsa yake yi."

"Yaya, ai talabijin na yi."

"Talabijin! Wa ya rage bai iya ɗora kwano a kan rufinsa ba? Don intanet ɗin nan mutane suka zauna da ku, kai ma ka sani. In ya tashi kafin Asabar, a bar wa yara sana'ar ubansu su ci a ciki har su yi wayo. In bai tashi ba, a sayar a raba yadda Allah ya ce."

Ya'u ya ce, "To." Ya laluba cikinsa ko zai sami fushi, bai samu ba. Babu komai a wurin, kamar rumbun da aka share.

Ranar Litinin ya saɓi tsani. Abu ɗaya ya sani game da na'urar: fitila ta biyu daga hagu da can koriya ce, yanzu ja ce. Don haka ya yi abin da ya iya. Ya bi gida-gida, ya jingina tsani a katanga, ya ɗaga murya, "A gafarce mu, a shiga ɗaki, namiji zai hau sama!" Ya jira har ƙarar taɓarya ta tsaya, ya ji takun silifa, sannan ya hau. Ya ɗaure abin da ya kwance, ya kankare tsatsa, ya kori ƙadangaru daga cikin akwatunan da ke raba waya. Ya sauko ya ce, "An sauka, a fito." Ya koma shago. Ja.

Haka Talata, haka Laraba. Abin da aka ajiye masa ya ci, in an tambaye shi miyar mece ce ba zai iya faɗa ba. Yana bisa tsani sai ya tsinci kansa yana lissafin shekarunsa, yana ɗora na Yazid a kai, yana duba ko zai kai lokacin da yaron zai iya riƙe kansa. Ko ta ina ya juya lissafin ba ya fita. Sai ya ci gaba da murɗa abin da ya riga ya ɗauru.

Ranar Alhamis da hantsi yana kan katangar wani gida a layin baya, ya ji murya daga ƙasa.

"Kai tsohon biri, sauko kafin ka faɗo a ce ni na ture ka."

Nagoggo ne, taubashinsa, mai shagon buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Fiye da mako biyu kenan kwamfutocinsa na zaune suna kallonsa.

"Kwana uku kana lilo a katangun mutane," in ji Nagoggo. "Matan unguwa sun gaji da tsere zuwa ɗaki. Jiya tuwon gidana har ƙonewa ya yi saboda kai."

"Da ma ba daɗi gare shi ba," in ji Ya'u. Bakinsa ne ya faɗa don sabo, fuskarsa ba ta sani ba.

Da ya sauko, Nagoggo ya kama masa gindin tsanin, ya rage murya.

"Akwai abin da marigayi ya taɓa gaya mini, sai da asuba ya faɗo mini a masallaci. Ya ce talabijin wa'azi ne, naka saurare kawai. Intanet kuwa hira ce, sai an ji ka kafin a ba ka amsa. Kuma duk gidajen nan ta hanya ɗaya suke mayar da magana zuwa shago. In waya ta buɗe a gida guda ta riƙa kwaso hayaniya, to babu wanda na'urar za ta ji, ko da hoto na zuwa lafiya. Bai taɓa gaya maka ba?"

"A'a."

Nagoggo ya dube shi, ya kawar da kai. "To, ya ce ba a bin gida-gida. Daga tushe ake cirewa ɗaya bayan ɗaya, a ga wadda ke kawo surutun."

Waya huɗu ce ke fita daga shagon. Ya'u ya kwance ta farko, suka zuba wa fitilar ido. Ja. Ya mayar, ya kwance ta biyu. Ja. Ta uku ma haka. Ya daɗe tsaye da filaya a hannu kafin ya kai ga ta huɗu. Yana kwance ta, fitilar ta yi ƙyafta-ƙyafta, ta zama koriya.

"Allahu akbar! Ga ɓarauniyar," in ji Nagoggo. "Wannan ina ta nufa?"

"Cikin gida. Ta bi ta sashen mai shago, ta haura katangar baya ta shiga layinku. Gida ashirin da biyu."

"Wato har da shagona. To ba za a bar ta a cire ba. Shiga ka duba mana."

Ya'u bai motsa ba. Tun ranar da aka kawo Murjanatu amarya ƙafarsa ba ta taka sashen nan ba. In zai duba layin baya, zagayawa yake yi ta lungu, ko da rana ta take. Yanzu kuma ga ta cikin takaba.

"Shari'a ba ta hana ka ba," in ji Nagoggo. "Kai ubanta ne. Ni ne ba dama."

"Na sani."

"To kunyar wa kake ji? Wanda kake jin kunyarsa..." Nagoggo ya haɗiye sauran.

Ya'u ya mayar da wayar, fitilar ta koma ja. Ya ce, "Zauna nan ka sa mata ido. In ta canza ka kira ni."

Ya shiga gida ya kira matarsa Kulu, ya ce ta yi masa iso. Ta dube shi da mamaki, ta gyara lulluɓi ta wuce gaba. Ya ji ta tana cewa, "Murjanatu, shiga ciki, ga Malam nan." Ya tsaya a bakin ƙofar har ya ji labule ya sauka.

Tsakar gidan ƙarama ce, ba kamar yadda ya zata ba. Ga randa, ga keken yara mai ƙafa uku a kife, ga takalman mamacin a jere a gindin bango, an wanke su. Ya ɗauke ido daga kansu ya bi wayar. Ta fito daga ramin bangon shago ta shiga ɗan akwatin rabawa. Reshe ɗaya ya haura katangar baya lafiya lau. Ɗayan, wanda ya kamata ya shiga ɗaki, an janyo shi ya ratsa tsakar gidan, an fere bakinsa, an naɗe jan ƙarfen a jikin rodin tagar kicin, dab da inda aka jona firji. A kansa an rataya tsofaffin zannuwa uku da buhu, sun yi inuwa a ƙofar ɗakin.

"Wa ya yi wannan?" Muryarsa ba ta ɗaga ba.

"Ni ce," in ji Kulu. "Ranar da abin ya faru mata sun cika gidan, rana ta buɗe, ga tsofaffi, babu igiya. An fitar da talabijin tunda mai takaba ba kallo za ta yi ba. Na ga wayar tana reto ba ta aikin komai. Ta ƙi kuntuwa, na sa wuƙa." Ta dubi filayar da ke hannunsa, ta dubi wayar. Hannunta ya tafi bakinta. "Malam, ba dai ita ce ba? Duk hawan nan da kake yi?"

"An yi rana ranar," in ji shi. "Riƙe zannuwan."

Ya warware jan ƙarfen daga rodin, ya taka turmi ya kwance guntun daga jikin akwatin. Zai sauko kenan wata murya ta fito daga bayan labule, can ƙasa-ƙasa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya." Sannan ta ce, "Baba, ba a barin bakin a buɗe. Akwai 'yar hular ƙarfe da yake ɗaura wa duk bakin da babu waya. In ba haka ba hayaniyar za ta dawo. Inna, ga shi."

Hannu ya fito ta gefen labulen da gwangwanin madara. Kulu ta karɓa ta miƙa masa. 'Yan huluna ne a ciki, kowace kamar kan ɗan yatsa.

"Ke kin san aikin ne?" Bango yake kallo da ya yi tambayar.

"Yana gaya mini. In ya dawo ba shi da hira sai ta waya. Har na'urar shagon ya koya mini a wayar hannu, wai ko ya yi tafiya."

Ya'u ya ɗaura hular, ya ƙara mata rabin murɗi da filaya. Bai sauko daga turmin ba wayarsa ta yi ƙara. Muryar Nagoggo har matan suna ji.

"Koriya! Wallahi koriya shar! Tsohon biri ya yi rana!"

Ya kashe. Ya tsaya ya jira ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Ya ji firjin yana gurnani, ya ji wata mai awara tana talla a lungu. Shi ke nan.

Daga nan inda yake ya kira yayansa.

"Yaya, a ce wa mutumin Katsina ya yi zamansa. Ya tashi."

"Alhamdu lillahi. To in ya sake kwanciya fa? Kai da ba ka san kansa ba?"

"Akwai mai sani a gidan. Ni in hau, ita ta faɗa."

Alhaji Jafaru ya ce za su yi magana bayan la'asar.

Ya'u ya sauko ya mayar da turmin inda ya gan shi. Kulu na tsaye rungume da zannuwan, ba ta san inda za ta ajiye su ba. Rana ta sauka kai tsaye a kan labulen, har ana ganin inda ya koɗe. Ya auna tsakanin bangon da tagar da taku, bakwai da rabi. Ya ce mata kada ta ninke su, zai je kasuwa ya sayo igiya.