Sojan Dalma a Bakin Ƙofar Auta

Da safiyar Asabar Auta ta dawo daga cefane, leda a kowane hannu, 'yarta na tsalle a gabanta a kan matakala. Yarinyar ce ta riga ta isa ƙofa.

"Mama, an kawo mana kyauta!"

Ɗan kwali ne ƙarami, an jingina shi da ƙofar. Babu suna a jiki, babu tambarin gidan waya. Auta ta karɓe shi daga hannun yarinyar, ta tura ta falo ta kunna mata katun, sannan ta buɗe shi a kicin. Wani ɗan sojan dalma ne da bai fi tsawon yatsa ba, kwance cikin auduga. An sare masa kai, an ajiye kan a gefe, an ɗiga jan fenti a wuyan.

Kallo ɗaya ta yi masa ta gane shi. Tsoho Mai Gatari ne.

Tun tana 'yar firamare babban wanta da abokansa suke wani wasan yaƙi na kan tebur a garejin gida. Ƙananan sojoji suke saya su yi musu fenti da hannu, su jera su a kan taswira, su jefa ƙwayar ludo su ga wa ya kashe wa. Wasan yana da tarihinsa mai tsawo: Garuruwan Ƙarfe, da sarakunansu, da jarumansu, kuma babu jarumin da ake ji da shi kamar wannan tsohon da ya tsare gada shi kaɗai. Auta ta taso tana tsinto musu ƙwayar ludo a ƙarƙashin tebur, har ta haddace labarin ta fi su.

Daga baya kamfanin da ke yin wasan ya rufe tsohon babi. Aka ce teku ta cinye Garuruwan Ƙarfe, waɗanda suka tsira suna yawo a jiragen ruwa. Aka nemi marubutan sabon tarihi, Auta da ke gyaran rubutu a wata maɗaba'a ta gwada sa'arta, aka ɗauke ta. Ita ce ta rubuta cewa Tsoho Mai Gatari bai mutu a kan gadarsa ba. Ya jefar da gatarin, ya kama fito, yana tsallakar da mutane.

Tun fitowar littafin take shan zagi a intanet. Wasu suka ce ta mayar da gwarzo matsoraci, wasu suka ce a karya mata yatsu. Takan rufe wayar ta ce ai mutanen nesa ne, ba su san inda take ba. Amma wannan kwalin ba daga nesa ya zo ba. A hawa na uku take, kuma ƙofar ƙasa ba ta buɗuwa sai da mukulli.

Ta juya ƙasan sojan. Akwai ɗigon ruwan ɗorawa a wajen.

Yaya, babban wan nata, shi kaɗai yake yi wa sojojinsa wannan ɗigon, don kada su cakuɗe da na wasu. Har launin alkyabbar nasa ne, shuɗi da aka sirka da toka-toka. Ta sha zama a gefensa tana riƙe masa kofin wanke buroshi yana haɗa shi. Kuma tun da littafin ya fito Yaya bai ce mata uffan a kansa ba. In ya kira, sai ya tambayi lafiyar yarinya, ya tambayi yaushe maigidanta zai dawo daga kwas, ya kashe.

Ta duba makullin ƙofa, ta leƙa bayan labule, ta buɗe banɗaki, har ƙarƙashin gado ta duba tana jin kunyar kanta. Zaman gidan ya gagare ta. Ta zuba kayan yarinyar a jaka, suka fita. A tasi duk babur ɗin da ya daɗe a bayansu sai ta waiga.

Matar Yaya ta tarbe su da murna, ta ja yarinyar ciki. Auta ta ce, "Anti, don Allah kada ki bar ta ta fito tsakar gida." Kafin Anti ta tambayi dalili ta zagaya gareji.

Yaya da abokan wasansa suna nan kamar kullum. Yaya ya duƙa a kan tebur da tef ɗin awo, Likita mai cire haƙori yana shan shayi, Tela yana gyara wa dakarunsa sahu. Har yanzu tsohuwar taswirar suke shimfiɗawa, wadda gefenta ya sha salatif.

"A'a, ga mai ambaliya!" in ji Tela. "Ku ɗage ƙafafunku, kada ruwa ya ci mu."

Likita ya yi dariya. "Auta, yau kuma wa kika zo nutsarwa?"

Ta ajiye kwalin a tsakiyar taswira, ta buɗe. Dariyar ta tsaya cak.

"A bakin ƙofata na same shi," ta ce. "Yarinya ce ta ɗauko."

Yaya ya ɗauki sojan, ya juya ƙasansa. Ya daɗe yana kallo.

"Nawa ne," ya ce.

"Na sani."

Ya ɗago ya dube ta. "Auta. Ni kike zargi?"

Hawaye ne kawai suka zubo mata. Yaya ya ajiye tef ɗin a hankali, fuskarsa ta canja kamar wanda aka mara.

"Wannan rundunar ba ta hannuna," ya ce. "Lokacin da aka ce an nutsar da garuruwan, haushi ya sa na tattara ta gaba ɗaya na ba Dogo."

Dogo mai gyaran lantarki ne, tsohon abokin wasansu, mutum mara yawan magana. Bara da wayoyin wutar gidan Auta suka ƙone, shi Yaya ya turo mata. Maigidanta ya ba shi mukullan gidan, na ƙasa da na sama, ya wuni yana aiki su suna wajen aiki. Da yamma ya mayar da su, ya ƙi karɓar ko ladan mai.

"Ya riƙe mukullaina wuni guda," ta ce.

"Innalillahi," in ji Tela.

Likita ya ajiye kofinsa. "Ɗazu ya kira ni. Ya ce yana tafe, yau yana jin wasa."

Auta ta dubi ƙofar garejin. An ɗaga ta rabi, ana hango ƙafafun masu wucewa a titi. Ta ce za ta shiga ciki wajen yarinya, amma kafin ta motsa sai ga ƙarar babur ta tsaya a waje. Yaya ya kama hannunta ya mayar da ita bayansa.

Dogo ya sunkuyo ya shigo da sallama, akwatin sojojinsa a hammata. Babu wanda ya amsa da ƙarfi. Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi kwalin a kan tebur, sannan ya hango Auta. Sai ya yi murmushi.

"Ashe saƙo ya isa."

"Kai ka kai shi?" in ji Yaya.

"To wa zai kai? Ai gara ta ga abin da ta yi da idonta. Ita ta fara sare masa kai, ni ƙarasawa kawai na yi."

"Dogo, ƙanwata ce."

"Shi ya sa ma abin ya fi ciwo." Ya dire akwatin a kan tebur, sojojin Tela suka zube. "Da baƙo ne ya rubuta, sai mu ce bai sani ba. Ita fa a nan ta girma. A gabanta na yi wa tsohon nan fenti ya fi sau nawa. Lokacin da aka sallame ni daga aiki, lokacin da matata ta tafi, ina nake zuwa? Nan. In tsaya a kan gadar nan in ce ko shi bai gudu ba. Sai ta tashi rana ɗaya ta ce ƙarya ne, ya gudu, ya koma tuƙa kwalekwale!"

"Bai gudu ba," Auta ta ce daga bayan Yaya, da ƙyar ake jin ta. "Mutane ya..."

"Ke yi mini shiru!"

Tsawar ta cika garejin. Ya tako ya zagayo teburin. Auta ta ja da baya har ta bugi kantar gwangwanayen fenti, babu sauran wurin zuwa. Idonta na kan aljihun wandonsa, inda kan sukudireba ya leƙo.

Tela, wanda ko kafaɗar Dogo bai kai ba, ya shiga tsakani. "Ni ma ban ji daɗin abin da aka yi wa tsohon ba," ya ce. "Amma wallahi in ka ƙara taku ɗaya, sai dai ka bi ta kaina."

Dogo ya tsaya. Ya dubi Likita, ya ga ya ɗaga waya yana ɗaukarsa a bidiyo. Sai ya saki wata dariya mara daɗi.

"Haba, wasa ne fa. Kun ɗauki abu da zafi." Ya leƙa ta saman kan Tela. "Na ga 'yar taki ta girma, masha Allah. Jar jakar nan tana yi mata kyau in za ta makaranta."

Auta ba ta san lokacin da ta zame ta zauna a ƙasa ba. Yarinyar ba ta ɗauki jar jakar yau ba, kuma watan jiya aka saye ta.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki akwatin Dogo ya tura masa a ƙirji. "Kawo mukullin da ka yanka."

"Wane mukulli?"

"Fita. Daga nan ofishin 'yan sanda za mu."

Dogo ya karɓi akwatinsa, ya sunkuya ya fice. Suna jin babur ɗin ya tashi, ya yi gaba kaɗan, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye inji na kunne kafin ya tafi. Sai a lokacin Tela ya nemi kujera ya zauna.

"Da ya taka ni fa, da shi ke nan," ya ce. "Ku ba ni ruwa."

A ofishin 'yan sanda sai da suka sha wahalar bayani. Jami'in ya juya sojan a tafin hannunsa ya ce, "Wato a kan 'yartsana ake wannan rigimar?" Da Likita ya nuna masa bidiyon, ya ji maganar jar jaka, sai ya gyara zama ya ɗauki biro. Aka kira Dogo washegari, aka ja masa kunne, ya sa hannu cewa ba zai ƙara kusantar ta ko makarantar ba. Mukulli kuwa ya rantse bai yanka ba. Wai wata tsohuwa ce ta buɗe ƙofar ƙasa ya bi bayanta. Babu wanda ya iya tabbatar da gaskiya ko ƙarya.

Yaya ya kawo kafinta aka canja makullai, duk da haka Auta ta zauna a gidansa har maigidanta ya dawo. Yaya ne yake kai yarinyar makaranta ya ɗauko ta. Wata rana suna cikin mota a bakin makarantar suna jiran a tashi, ta ce, "Yaya, ka yafe mini."

"Ɗigon nawa ne. Ko ni ne zan yi tunanin haka." Bai dube ta ba.

"Ka karanta littafin?"

"Na karanta."

"To?"

Ya yi ajiyar zuciya. "Ban so shi ba, Auta. Rubutun ya yi kyau, wannan ba na musu. Amma ni garuruwan nake so, da ganuwarsu da kasuwanninsu. Ban san kowa a jiragen nan naki ba. Shi ya sa na yi shiru, don kada in ɓata miki." Ya ɗan murmusa. "Tela dai munafuki ne. Ya sayi jirgi biyu a ɓoye, yana yi musu fenti a shago. Likita kuwa ya ce ko kyauta aka ba shi littafin ba zai buɗe ba."

Ta yi dariya, rabonta da dariya tun ranar kwalin. Ba ta gama ba wani dogon mutum ya tsaya da babur a tsallaken titi. Ta ƙanƙame hannun ƙofar motar har sai da ya cire hular kwano ta ga wani ne daban, ya zo ɗaukar ɗansa.

Bayan ta koma gida kamfanin ya nemi ta rubuta kashi na gaba. Ta yi ta juya maganar. In ta zauna gaban kwamfuta, ƙaramin motsi a matakala ya ishe ta tashi ta leƙa ta hujin ƙofa. A ƙarshe ta amsa musu cewa za ta rubuta, da sharaɗin kada a sa sunanta a bangon littafin. Suka yarda.

Da Yaya ya ji, ya kira ta yana faɗa. Ya ce ita ta yi wahalar, don me za ta ɓuya saboda mutum ɗaya. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Yaya, ba kai kake tsayawa a bakin makaranta kana ƙirga babura ba."

Can ya ce, "To. Ranar Asabar ki kawo mini yarinyar, Antinta na nemanta."

Ta ce za ta kawo ta, amma shi zai zo ya ɗauke su.