Ranar da Na Kira Sunan Ɗana

Sharif ɗana ne na fari, don haka ban taɓa kiran sunansa ba. A gidanmu abin kunya ne. "Kai, yaro," nake ce masa. Ƙanena Tamu ne ke cika baki da sunan. Kullum da safe zai tsaya a ƙofar gida ya ƙwala, "Sharif! Albasa na jin ƙishirwa!" Yaron ya fita a guje ko takalmi babu, su tafi ban ruwa.

Motar albasa ta faɗi da Tamu a hanyar Jega, ya rasu.

Bayan sadakar bakwai ina tankaɗe, sai na ji Sharif ya ce, "Na'am, Kawu!" Babu kowa a ƙofa. Ya fita a guje, na bi shi har gonarmu ta bayan Aliero. Ya nufi rijiyar da suke ɗibar ruwa, yana ta dariya.

"Kai, yaro, tsaya!" Bai juyo ba.

Ƙafarsa na bakin rijiya na ce, "Sharif!"

Ya juyo ya dube ni. "Inna, ashe kin san sunana?"

Yanzu kullum da safe ni ke kiransa, tun kafin a riga ni.