Muryoyin da Hamdiyya Ba Ta Buɗe Ba

Kawu Bubayero mutum ne mai taurin kai, amma in Hamdiyya ta ce masa eh, to eh ɗin ce. 'Yar ƙanwarsa ce, ta yi karatun kwamfuta, shi ya sa ya damƙa mata shafin ɗan kamfaninsa na garin kunun yara da ke Gaya. Aikinta ta kwaso duk abin da masu saye suka rubuta a Fesbuk da zauren Wasaf, ta zuba wa wata manhaja ta tace, yabo ya fito kore, ƙorafi ya fito ja. Da wannan Kawu yake sanin ko a ƙara niƙa ko a dakata.

Da aka fitar da sabon gari, na gyadar da Kawu ya samo da araha a wani tsohon sito, allon ya yi kore shar. "Masha Allah." "Allah ya ƙara buɗi, Alhaji." Har da masu jera furanni! Hamdiyya ta ce a cika mota a kai kasuwar Ajingi. Ita kanta ta ɗauki leda guda ta aika Kademi, inda aka kai 'yarta Muslima yaye wurin Inna.

To amma su wa ke rubutun? Abokan Kawu ne da 'yan gayu, waɗanda ko kunun ba su taɓa damawa ba. Iyayen yaran kuwa, matan Gafasa da ƙauyukan gefe, danna waya suke yi su yi magana. Ita kuma manhajar kurma ce, rubutu kaɗai ta sani. Hamdiyya ta san da haka sarai. Ta dai gaji ne da saƙon da sai an gaida gida da yara da gajiya kafin a zo ga magana, sai ta bar su suna ta taruwa.

Bayan motar ta tashi da hantsi, tana zaune ba aikin yi, ta danna guda ɗaya.

Muryar wata mata ce. Ta yi gaisuwa doguwa, sannan ta sassauta murya. "Don Allah kada Alhaji ya ji haushi, ba wani abu ba ne. Yaron nawa ne tun da ya sha sabon garin yake amai."

Ta danna na biyu. Wannan ta ce garin yana ɗan warin maganin ƙwarin da ake sa wa hatsi. Ta uku ta ce suna asibiti. Ta huɗu ba ta iya ƙarasa gaisuwar ba, kuka ya ci ƙarfinta.

"Innalillahi," Hamdiyya ta ce. Ta kira Kawu.

"Kawu, a tsayar da motar! Kada a sayar da ko leda ɗaya!"

"Ke, lafiyarki kuwa? Ba ke kika ce min kore ba?"

"Guba ce, Kawu! Wallahi guba ce a gyadar!"

Ta ji yana ƙwala wa wani kira a nemo direba. Ba ta tsaya ji ba, ta kashe ta kira Inna. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira, haka. Ta fizgi mayafi ta fita titi takalmi a hannu, ta tsayar da ɗan acaɓa.

"Kademi, malam. Don girman Allah ka yi gudu."

A kan babur ɗin ne ta gani. Inna, da ba ta iya rubuta ko sunanta ba, ta turo mata saƙon murya tun da safe. Yana nan a ƙasan tarin sauran.

Ta manna wayar a kunne. Kullum in Inna na magana, sai ka ji Muslima a gefe tana ƙiriniyar ƙwace wayar. Yau shiru. Inna ta gaishe ta, ta tambayi aiki, ta tambayi Kawu da iyalinsa, ba ta bar kowa ba. Sannan ta sassauta murya.

"Hamdiyya, kada ki tayar da hankalinki, ba wani abu ba ne. Kunun nan da kika aiko, ta shanye shi tas."